Ƙwallon da Ya Yi Yawo a Gwiwata

Jikana mai karatun likita ne ya tono mini wannan magana. Ya zo gaishe ni, ya zauna yana satar kallon ƙafata ta hagu da take miƙe sanƙarau kamar taɓarya, sai ya ce wai yanzu a manyan asibitoci an daina farke gwiwa. Huda ta ake yi, 'yar ƙofa wadda ko ɗan yatsa ba zai shiga ba, a zura wani siririn ƙarfe mai fitila da madubi, a leƙa a ga abin da yake damun mutum. In na cirewa ne a cire ta wata 'yar ƙofar, kwana kaɗan mutum ya tashi yana takawa. Yana faɗa yana jiran in riƙe baki. Na ɗage gefen zanena na nuna masa tabon da yake kusa da ƙoƙon gwiwata, na ce masa, "Mijin banza, ta nan aka shiga tawa tun jirgin ƙasa yana baƙo a Kano. Fitilar ce kawai babu." Ya yi dariya don yana zaton tsokanar kaka ce. Tun da ya tafi na kasa zama wuri ɗaya, abin yana ta dawo mini.

A Sheshe aka haife ni. Babana maɗinkin manyan riguna ne, yini yake a zaure da allura a hannu, ba ya son hayaniya. Ni kuwa hayaniya ce sana'ata. Ina 'yar shekara goma sha uku muna gaɗa a dandali bayan la'asar, na faɗa baya, 'yan mata suka cafe ni suka cilla sama, na diro a kan ƙafa ɗaya, gwiwar ta murɗe. Na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Ta kumbura, aka kai ni wajen maɗori, ya lalluba ya ce babu karaya babu gocewa, targaɗe ne. Ya shafa mai ya ja, bayan mako biyu na koma gaɗata.

Daga nan gwiwar ta zama mai ra'ayin kanta. Sai in yi wata uku ban tuna da ita ba, ran nan ina durƙushe a gaban dutsen niƙa, in zo tashi ta cije. Zafin yakan ɗauke mini numfashi, ƙafar ta tsaya inda take, ba gaba ba baya, sai na yi ta girgizawa ina murzawa kafin ta saki. Washegari ta cika da ruwa, ta ƙi lanƙwasuwa kwana uku ko huɗu. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce na taka wurin da ba a takawa. Na sha rubutu, na sha jiƙo, an kafa mini ƙaho har gwiwar ta yi zane-zane. Da ta ga dama sai ta yi shiru, kowa ya ce maganinsa ne ya ci.

A haka aka yi mini aure. Maigidana fata yake saya wa wani Balarabe, rabin wata yana ƙauye, gidansu kuma yana gindin Dala. Ban cika shekara ba na samu ciki.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. Cikin fari a zamaninmu ba abin faɗa ba ne. Ba ka faɗa wa miji, ba ka faɗa wa uwa, in an yi zancen a gabanka sai ka tashi ka bar wurin. Manya ne suke gani da idonsu su yi lissafinsu. Uwar mijina ta fara ƙirga nata daga ƙaramar Sallah, ranar da ta ga na gudu daga warin daddawa. Ni kuwa na san azumin shekarar nan ban sha ko ɗaya ba, kuma tun kafin a ga watan azumin ma abin ya tsaya mini. Nawa lissafin ya wuce nasu da wata ɗaya da rabi. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaya ma ƙasa zan kalla.

Da nasu lissafin ya kai wata bakwai aka mayar da ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Ranar da na iso na shiga zaure na durƙusa in gaishe da Baba, gwiwar ta cije. Na zo tashi na kasa. Baba ya ajiye allura ya kau da kai, sai da Inna da Gwaggo suka zo suka cicciɓe ni zuwa ɗaki.

Gwaggo yayar Baba ce, ita ce ungozomar unguwarmu. Ba na jin akwai gida a layinmu da ba ta binne cibiya a cikinsa ba. Doguwa ce, ba ta dariya sai dole, kuma in ta faɗi magana a kan haihuwa ko liman ba ya ja. Ta tsaya a kaina tana kallon gwiwar tana kumbura, ta kalli cikin, ta sake kallon gwiwar.

Ta ce, "To, 'yar nan, da wace gwiwar za ki durƙusa?"

A lokacin duk haihuwa a durƙushe ake yin ta, mace ta kafa gwiwoyi biyu a ƙasa ta rungumi turmi ko wuyan wata. Ban taɓa jin wata hanya ba, Inna ba ta taɓa ji ba, Gwaggo da ta tsufa a cikin aikin ba ta taɓa gani ba. Inna ta tambaya a hankali ko ba a yi a kishingiɗe. Gwaggo ta ce in mace ta kwanta ɗa ma kwanciya yake yi, ba ya ganin hanya, sai ya juya ya haura sama ya toshe wa uwar numfashi, a rasa su duka biyun. Ba da mugunta ta faɗa ba. Abin da aka gaya mata ke nan, ita ma ta riƙe.

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. In na zauna in ji kamar in tashi, in na tashi in rasa inda za ni. Nakan ɓuya a bayan rumbu in gwada durƙuso in ga ko za ta ɗauka, wani lokaci ta ɗauka, wani lokaci ta cije in yi ta cizon zane don kada a ji. Tsoro nake ji ƙwarai, ba na kaina kaɗai ba. Abin da yake cikina ya riga ya iya shuri, na san lokutan barcinsa da na tashinsa, ga shi an ce ƙafata ce za ta kashe shi.

Maigidana ya aiko daga ƙauye cewa ko a kai ni wajen likitan Nasara da yake bayan ganuwa. Baba ya ce ba da 'yarsa ba. Ana ta faɗa a gari cewa shaƙa wa mutum wani abu suke yi ya yi barci, ya farka ya ga babu ƙafa. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, amma a gidanmu an gaskata. Maƙwabcinmu, wani dattijo jikan Larabawan Gadamus, shi ya ba Baba labarin wani tsohon wanzami a Shahuci. Ya ce mutumin ya je Makka a ƙasa, ya yi shekaru a hanya yana aiki tare da wanzaman wasu ƙasashe, kuma ya taɓa warkar da irin wannan.

Wanzami yana shiga gida, ba a yi masa shamaki. Ni ce na ce ba zan zauna a gaban namiji da wannan ciki ba, ko da sa'an kakana ne. Na kafe, na yi kuka. Inna ta ɗauko wani tsohon zane ta rataya a ƙofar soron ciki, ta yanke tsakiyarsa daidai faɗin tafin hannu. Na zauna ta ciki a kan tabarma, na tura gwiwata ta kafar. Shi yana ta waje da Baba, ni ina ta ciki da Inna da Gwaggo. Har muka rabu da mutumin nan ban ga fuskarsa ba, shi ma gwiwata kaɗai ya sani.

Yatsunsa busassu ne masu sanyi. Bai yi saurin komai ba. Ya yi tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini: a ina zafin yake tsayawa, kullum wuri ɗaya ne ko yana sauyawa, in ta cije me nake yi ta saki. Ina raɗa wa Gwaggo, tana faɗa masa. Ya sa na miƙe ƙafar, ya dafa saman ƙoƙon ya riƙa tatso ruwan yana koro shi ƙasa, ɗaya hannun yana lalubar gefe. Can sai na ji wani abu ya sulle a ƙarƙashin yatsansa ya shige ciki.

Ya ce, "Yarinya, kin ji shi?"

Na manta da kunya na ce, "Na ji, Baba."

Ya ce wa Babana ba sanyi ba ne, ba iska ba ce. Ranar da na faɗi wani ɗan guringuntsi ne ya ɓalle a cikin gaɓar, ya yi ta gogewa har ya zama ƙwallo, yana yawo a cikin ruwan gwiwa. In ya shiga tsakanin ƙashi da ƙashi sai ya tokare, kamar tsakuwa a ƙarƙashin ƙyaure. Baba ya ce to a buɗe a cire mana. Wanzami ya ce a'a. Gwiwa ba ta son iska, duk wanda ya wage ta yana lalube a ciki ya kashe ƙafa. Sai dai in ƙwallon ya fito gefe ya tsaya a ƙarƙashin fata, aka riƙe shi a nan, to sai ya yi tsaga daidai faɗin farce ya fitar da shi.

Ya ce, "Ni baƙo ne, gudu na zai yi. Ke ce mai gidan, ke za ki kama shi. In kin kama ki danne, a kira ni." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma bayan tsaga kwana arba'in ƙafar nan ba za ta lanƙwasa ba, ko salla a zaune. Wata nawa ne?"

Gwaggo ta ce, "Bakwai."

"Da an bari ta sauka tukuna."

"Ta sauka ta ina? Saboda saukar muka kira ka."

Na ji yana lissafi a hankali. Saura wata biyu, arba'in za ta shiga har da saura. Sai ya juyo da muryarsa wajen zanen ya ce, "Yarinya, haka ne? Bakwai ne?"

Na sunkuyar da kai. Gwaggo ta ce, "Malam, ka taɓa ganin mai cikin fari ta amsa wannan?" Ya yi 'yar dariya ya ce bai taɓa ba.

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina kunya ce ta rufe mini baki. Kunya rabi ce. Ɗaya rabin kuwa na san in na ce takwas da rabi zai naɗe zabirarsa ya koma Shahuci, a bar ni da gwiwar da ba ta durƙuso. Na zaɓi in yi shiru, kuma na san abin da nake yi.

Sai farauta ta tashi. Ƙwallon da yake fitowa ba a gayyace shi ba, da aka shiga nemansa sai ya ɓuya. Na yi ta zagaya tsakar gida daga rijiya zuwa madafi, daga madafi zuwa rumbu, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a gwiwa, ina tafe ina duƙawa ina lalube. In hau matattakalar soro in sauko, in sake hawa. Kaji ma sun gaji da ni. Inna takan ce in zauna in huta, akwai lokaci. Ita a wurinta akwai. Ni kowace rana ta faɗi sai in cire ta daga abin da ya rage mini, kuma abin da ya rage ba shi da yawa.

A kwana na huɗu na kama shi ina alwalar azahar. Ga shi nan a gefen waje, yana motsi a ƙarƙashin babban yatsana. Na danne na ƙwala wa Inna kira. Baba da kansa ya zari takalmi ya nufi Shahuci, mutumin da ban taɓa ganin yana sauri ba. Na zauna a bakin rariya ina danne da shi har yatsana ya mutu, gumi yana zuba. Ina jin sallamarsu a zaure atishawa ta zo mini. Ko da na buɗe ido ƙwallon ya tafi. Na yi kuka irin na haushi, na doki gwiwar da hannuna, Gwaggo ta ce in na ƙara za ta doke ni ita ma.

A karo na biyu da wanzami ya iso ƙwallon yana nan, amma yana ɗora yatsa ya sulle. Sai tsohon ya ce tafiyar ce take ba shi dama. Washegari ya kwaso zabirarsa ya dawo da sana'arsa zaurenmu, daga hantsi zuwa la'asar. Mazan layinmu kaf suka sha aski, masu bukata da marasa bukata. Baba da yake jin nauyin mutum ya zauna masa a zaure babu aiki, sau uku yana miƙa kansa a mako ɗaya, har Inna ta ce in ban yi sauri ba fatar kan ma za ta ƙare.

A hankali na gane halin ƙwallon. Ba ya fitowa in ina neman sa da zafi. Sai in na sauko daga matattakala, na zauna na miƙe ƙafar na sake ta, na shafo daga cinya zuwa ƙasa, sannan yake leƙowa ta gefen waje. Inna ta murɗa zare ta yi ɗan gammo daidai zobe, ta ɗaura masa igiya biyu. Muka shirya in ya fito a kifa masa gammon a ɗaure tam, ya rasa hanyar komawa.

Ranar kwana na goma da hantsi ya fito, muka kifa masa. Ban yi numfashin kirki ba har aka ja ni bakin zanen. Inna ta rungume ni ta baya, Gwaggo ta haye cinyata ta zauna. Na ji wanzami ya ce a kawo ruwan zafi da garwashi. Baba ya gaya mana daga baya cewa sai da ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya gasa askar a wuta ya bari ta huce. Ya fara soka allura ta cikin gammon ya tsire ƙwallon don kada ya motsa. Sannan ya ja fatar gefe da yatsa ya riƙe, wai don in ya saki, ƙofar waje da ta ciki kada su dace, iska ta rasa hanyar shiga. Ya yi bisimilla.

Zafin bai kai na cijewar ba, wannan shi ne gaskiya. Na ji sanyin aska, na ji ya matsa da yatsu biyu, na ji wani ruwa mai ɗumi ya gangaro mini a ƙwauri. Shi ke nan. Sai ga tafin hannunsa ya shigo ta kafar zanen, da wani farin abu a kai, sumul, bai fi ƙwayar gurjiya ba.

Raina ya ɓaci da na ga ƙanƙantarsa. Shekara biyar wannan yana juya ni.

Ya zuba zuma a tsagar, ya rufe da auduga, ya jera karan dawa ta baya da gefe ya naɗe da sawaye, siraran ƙyallayen saƙi, daga cinya har idon sawu. Ya ce, "Kwana arba'in. Ko gobara ta tashi, a ɗauke ki, kada ki lanƙwasa."

Kowa a gidan ya samu natsuwa ban da ni. Da can ina da tsakar gida in zagaya, yanzu sai tabarma da azarar rufi. Na ƙirga azarar nan ta kowace fuska. Cikin ya riga ya sauka ƙasa, ina ji, na riƙa yafa mayafi don kada Gwaggo ta lura. In ba kowa a ɗakin sai in dafa shi in yi ta lallashi a zuci, ka yi haƙuri, ka ƙara kwana talatin, ka ƙara ashirin da tara, me kake sauri ka gani a waje. A kwana na bakwai wanzami ya dawo ya kwance ya duba. Na ji daɗi a muryarsa. Ya ce bakin ya haɗe, babu ruwa babu zafi, bai taɓa yin wadda ta yi kyau kamar wannan ba. Ya ce in na cika kwanakin zan yi gaɗa in na so. Sau biyu na buɗe baki in gaya masa, sau biyu na rufe.

A kwana na goma sha biyu tun da safe bayana ya fara ciwo. Na daure, na ce kwanciya ce. Na ci tuwon rana don kada a gane. Bayan azahar faya ta fashe, babu sauran abin ɓoyewa. Gwaggo ta shigo ta duba ta ce bakwaini ne, Allah ya kawo da sauƙi. Aka jawo turmi tsakiyar ɗaki. Sai dukkanmu muka tsaya muna kallon ƙafar da take naɗe da kara.

Inna ta ce, "Yaya, ko a bar ta a haka a gani?"

Gwaggo ta ce, "In kin taɓa gani, ki karɓa da kanki. Ni ban iya ba." Ban taɓa jin ta faɗi haka ba.

Ba wanda ya tilasta mini, ina so a san wannan. Su biyun suna tsaye ba su san abin yi ba, naƙuda ta sake taso mini, na ji kan yaro yana neman hanya. Na kai hannu na warware sawayen da kaina, karan suka zube. Na dafa turmi na juya na kafa gwiwar dama, sannan na jawo ta hagu na kafa ta a ƙasa. Na ji ta yage har cikin raina. Ban yi ƙara ba, mai haihuwar fari ba ta ƙara.

Kafin magariba na haifi mace, ƙatuwa, gashi cike da kai, farce har ya wuce yatsa. Gwaggo ta juya hannun jaririyar ta duba farcen, ta ɗago ta kalle ni. Sannan ta ci gaba da aikinta.

Gwiwar ta wage ta kwashi ƙasar ɗaki. Kwana uku ta kumbura ta yi ja, zazzaɓi ya rufe ni, har ranar suna ban san wanda yake kaina sosai ba. Wanzamin ne ya yi wa jaririyar askin suna. Da ya gama ya ce a rataya zanen, aka ɗauko ni aka tura masa gwiwar. Ya daɗe bai taɓa ta ba. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Gashin da na aske yau ya kai wata tara." Baba ya yi gyaran murya. Ni na yi shiru, karo na biyu.

Bai yi fushi ya tafi ba, Allah ya jiƙansa. Wata uku yana zuwa, yana sakiya yana fitar da mugunya, yana wankewa da ruwan bagaruwa. Ya ceci ƙafar daga yankewa. Amma da ta warke sai ta warke a miƙe, gaɓar ta haɗe, ba ta sake lanƙwasuwa ba har yau. Tun ina 'yar shekara goma sha takwas nake salla a zaune, nake gaishe da manya a tsaye ina ba da haƙuri.

Ban yi kukan ƙafar ba a lokacin. In na kalli yarinyar tana shan nono sai in ce na ba da ƙafa na karɓi 'ya, kuma da za a sake zan sake. Har wani alfahari nake ji. Mata in sun zo barka sukan ce wance jaruma ce, ta durƙusa a kan ɗanyen rauni don ta ceci 'yarta. Gwaggo ma ta riƙa ba da labarina a gidajen haihuwa tana kunyata ragwaye. Shekara biyu ina jan ƙafar a tsakar gida da wannan a raina, kuma ya ishe ni.

Sai na sake samun ciki, tsoron ya dawo sabo. Yanzu babu gwiwar da za a kafa ko da an so. Gwaggo ta zo gidan maigidana ta dudduba rufin ɗakina, ta ce za a ɗaura igiya a azara in rataya a kanta, mata biyu su tallafe ni, ƙafa ɗaya a durƙushe ɗaya a miƙe gefe. Har gwaji muka yi sau biyu. Ta ce ba ta yi alkawari ba, amma za a gwada, da zarar na ji motsi a aika mata.

Ciwon ya zo da hantsi ina kaɗi a ƙofar ɗaki. Maigidana yana ƙauye. Uwarsa ta yafa mayafi ta tafi Sheshe kiran Gwaggo da kanta, ta bar ni ni kaɗai. Na kama bango na tsaya, don an ce kada in kuskura in kwanta. Na tsaya iya ƙarfina. Ƙafa ɗaya ba ta ɗaukar naƙuda, ta yi rawa ta yi rawa ta saki, na zame na faɗi a kan tabarma ta gefen dama. Na yi ƙoƙarin tashi na kasa. Na kwanta a nan ina salati, ina jiran in ji ya hauro ya toshe mini numfashi kamar yadda aka ce. Na yi nishi uku ko huɗu, sai na ji kuka a bayana.

Namiji ne, lafiyayye, yana ta wutsil-wutsil a kan tabarma. Na jawo shi na ɗora a ƙirji muka zauna jira.

Gwaggo ta shigo tana haki, igiya naɗe a hannunta. Ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "A kwance?"

Na ce, "A kwance, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallon yaron, sannan ta kalli ƙafata. Ta ajiye igiyar a bayan ƙyaure ta ce, "Allah mai iko." Ta durƙusa ta yanke cibiya.

Biyar na ƙara haifa bayansa, duk a kwance, babu wanda ya ba ni wahalar da ta kai ta yini. Amma a wannan hantsin ne na fara kukan ƙafata. Maƙwabta suka cika ɗakin suna barka, suka ga hawaye yana zuba ba ya tsayawa, suka ce murnar ɗa namiji ce. Na bar su a haka.